Hutu a jirgin ruwa da yaro mai tatata: Disney, Royal Caribbean, MSC ko Carnival?

Tallan jiragen ruwa na shaƙatawa kusan hoto ɗaya ne: yara na tsalle cikin ruwa, uwa ta miƙe ƙafa a kujera, uba na murmushi kamar ba shi ya biya ba. Ku lura da yaran da kyau. Duk sun haura shekara uku, duk sun bar famfas. Idan naku ɗan wata goma sha takwas ne ko shekara biyu, wanda bai gama sabawa da fo ba, to rabin abin da ake tallatawa ba nasa ba ne. Kamfanonin nan huɗu duk suna kiran kansu na iyali, amma yadda suke karɓar ɗan ƙasa da shekara uku ya sha bamban ƙwarai, kuma a nan zaɓinku ya kamata ya tsaya, ba a girman jirgi ba.

Abubuwan da za a auna

Na farko, wa zai riƙe muku yaron? Ɗakin wasan yara na kyauta a yawancin jirage daga shekara uku yake farawa, da sharaɗin yaro ya iya zuwa bayi da kansa. Ƙasa da haka sai ɗakin raino, wanda ba kowane jirgi ke da shi ba, kuma inda yake da shi sau da yawa da awa ake biya. Idan babu, hutun ya zama rainon da kuke yi a gida, sai dai a ɗaki mafi ƙanƙanta.

Na biyu, ruwa. Jiragen da ke tsayawa a tashoshin Amurka suna ƙarƙashin ƙa'idar tsafta ta CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wadda ta hana yaro mai famfas shiga wurin ninkaya, ko da famfas ɗin na shiga ruwa ne. An yarda masa ne kawai a wani ɗan fili na fesa ruwa da aka gina musamman, mai matatar ruwa tasa daban. Ni da wuya na koyi wannan. A wani jirgi da ba zan kama sunansa ba, ɗiyata tana da shekara biyu da wata ɗaya, na sa mata rigar wanka, ta ruga bakin ruwa. Ma'aikaci ya durƙusa, ya nuna gefen famfas da ya leƙo, ya girgiza kai cikin ladabi. Kwana bakwai tana kallon yara suna wasa, tana jan zanina. Ƙarshenta robar wanka muka cika mata a banɗaki.

Na uku, ɗakin kwana. Akwai bahon wanka ko shawa ce kawai? Akwai labule tsakanin gadonku da nasa, don ku iya kunna fitila bayan ya yi barci? Gadon jariri duka huɗun suna bayarwa kyauta, amma sai an nema tun wajen yin rajista.

Na huɗu, kuɗi na gaskiya. Farashin da ke kan talla ba shi ne ƙarshe ba. Akwai harajin tashoshi, akwai kuɗin raino, akwai tukwicin ma'aikata da ake cirewa kullum a kan kowane mutum. A kamfanonin Amurka yakan kama daga dala 16 zuwa 20 a dare. Idan dala 18 ce, ku uku, dare bakwai, dala 378 ke nan kafin ku sayi ko ruwan gora.

Na biyar, ɗorewa. Jirgi ba kujera ba ce da za a ce ta yi shekara goma, amma akwai tambaya mai kama da haka: abin da aka yi alkawari, a duk jiragen kamfanin yake ko a sababbi kawai? Kuma idan yaron ya ƙara shekara biyu, ko ya yi ƙani, kamfanin zai ci gaba da yi muku amfani?

Na shida shi ne wanda ke rushe shirin mutane da yawa: tashar da fasfonku zai iya kai ku. Babu ɗaya daga cikin huɗun da ke ɗaukar fasinja daga Legas ko Tema, sai an hau jirgin sama an je an tarar da shi. Jirgin da ya tashi daga Fulorida ya je Bahamas ya dawo, a idon jami'an shige da fice kun fita Amurka ne kun sake shiga. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wata uku, daga baya kuma ta ƙara tsaurarawa. Bahar Rum na buƙatar bizar Shengen ta ƙasashen Turai, kuma gara mai shiga da yawa, domin wasu jiragen kan leƙa Tunisiya ko Turkiyya su dawo. Yaron ma da nasa fasfon da tasa bizar. Idan takardar ƙasa ɗaya ta yi gardama, a bakin tasha za a tsayar da ku, kuɗin kuma ba ya dawowa. Saboda haka a fara da biza, sannan a zaɓi jirgi.

Disney

Kamfanin ya fara da jirgin Disney Magic a 1998, kuma tun daga zanen ɗaki za ku gane da masu goyo aka yi shi. Yawancin ɗakunan suna da banɗaki kashi biyu: ɗaya masai da wurin wanke hannu, ɗaya baho da nasa wurin wanke hannun. Uwa na yi wa yaro wanka, uba na alwala, babu mai jiran wani. Akwai labule mai kauri da ke raba ɗakin.

Ɗakin raino yana karɓar yara daga wata 6 zuwa shekara 3, da awa ake biya, kuma gurbi kaɗan ne, sai an kama tun kafin tafiya. Akwai filin fesa ruwa na masu famfas. Abincin dare kuwa tsari ne na zagaye: kuna sauya gidan cin abinci kowane dare, amma masu hidimar teburinku suna bin ku. Daren uku za ku tarar an ajiye kujerar yaro da ayabar da yake so tun kafin ku zauna. Babu gidan caca a jiragensu, lemon kwalba kuma kyauta ne wajen cin abinci.

Matsalar kuɗi ce. Kwanaki iri ɗaya, yanki iri ɗaya, ba abin mamaki ba ne ku ga farashin ya kusa ninka na sauran. Jariri ma ana biya masa, ko da an rage, kuma tukwicin da suke ba da shawara ya haɗa da shi. Ga kuma wata gaskiya: ɗan shekara biyu ba zai tuna komai ba, wani ma idan ya ga Mickey, ɓeran katun ɗin Disney, tsaye ya fi babansa tsawo, ihu zai saka ya maƙale a wuya. Abin da kuke saya sauƙin kanku ne. Ta fuskar ɗorewa kuwa babu kamarsa, domin abin da na lissafa kusan a duk jiragensu yake, kuma yaro zai ƙara jin daɗinsa daga shekara huɗu zuwa bakwai. Yawancin tafiyarsu daga Fulorida take, sai lokacin zafi su kai jirgi Turai, irin su Barselona da Southampton.

Royal Caribbean

A nan ba kamfani ake zaɓa ba, jirgi ake zaɓa. Manyan sababbin, tun daga Oasis of the Seas na 2009 zuwa Icon of the Seas na 2024, suna da ɗakin raino na wata 6 zuwa 36 da ɗan filin ruwa na masu famfas. A Icon har unguwa guda aka ware wa masu ƙananan yara, ana kiranta Surfside, da ruwa da abinci da lilo duk a wuri ɗaya. Amma a wasu tsofaffin jiragen za ku iya rasa filin ruwan, ko ɗakin rainon, alhali sunan kamfani ɗaya ne. Kada ku biya sai kun ga sunan jirgin da jerin abin da ke cikinsa.

Farashi tsaka-tsaki ne, sai dai sababbin jirage lokacin hutun makaranta kan matso kusa da na Disney. Sukan yi garaɓasar yara su hau kyauta a wasu ranaku, ban da haraji. Tukwici kuwa ana cire wa kowa, har jariri. Ɗaki na talaka shawa ce kawai, baho sai a manyan ɗakuna masu tsada.

Girman da suke alfahari da shi, shi ne wahalar mai goyo. Icon ya kai kimanin mita 365, kuma idan ya cika yana ɗaukar fasinja har 7,600. Ku ƙaddara yaro ya yi kashi a can ƙarshen jirgi, ɗakinku yana ɗaya ƙarshen, hawa takwas a ƙasa, ga keken yaro, ga lif ya zo a cike sau uku. A irin wannan ranar zanin goyo ya fi keken dala ɗari uku amfani. Gefe guda, babban jirgi ba ya girgiza kamar ƙarami, kuma idan akwai yayye 'yan shekara takwas ko goma sha biyu, nan ne ba za su gaji ba. Ga wata ƙa'ida da ake mantawa: tafiyar da ke da kwana uku a jere a teku ba tare da tsayawa ba, sai yaro ya cika wata 12.

MSC

Kamfanin iyalin Aponte ne, 'yan asalin Italiya, hedikwatarsa a Jeniba. Ga wanda zai taso daga Kano ko Yamai, wannan ne ya fi kusa da hannu, domin ba ya dogara da Amurka. Yana yawo a Bahar Rum kusan duk shekara. Lokacin sanyi ya saba ajiye jirage a Dubai da Abu Dabi da Doha. Jirginsu MSC World Europa ma ya zama otal a Doha lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris kuma yana tashi daga Durban da Cape Town.

Wajen kuɗi ya fi sauran tausayin mai goyo. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu da ke ɗaki ɗaya da manya biyu yakan hau ba tare da kuɗin kujera ba, sai harajin tasha, kuma ba a cire masa tukwici. Suna da ɗakin wasan jarirai na haɗin gwiwa da kamfanin kayan jarirai na Chicco, inda ake ara wa iyaye kaya irin su keken yaro da abin ɗumama fida. Barin yaro a tafi kuwa sa'o'i ne ƙayyadaddu, kuma ya danganta da jirgi da shekarunsa. Kada ku ɗauka kamar na Disney ne. Haka batun ruwa ga mai famfas: kada ku sa rai sai an tabbatar muku a rubuce.

Rayuwar cikin jirgin ta Turawan kudu ce. Ana cin abincin dare a makare, ana sanarwa da harsuna biyar ko shida, kuma a Bahar Rum ruwan sha a teburin dare yawanci saye ake yi. Suna ɗaukar fasinja a tashoshi da dama na zagaye ɗaya, wani ya hau a Jenowa, wani a Marsai, wani a Barselona. Wannan na rage dogon layi ranar shiga, amma kusan kullum akwai sababbin shiga da sanarwarsu, sau da yawa daidai lokacin barcin rana na yaro. Taliya da fiza kuwa ba sa yankewa, kuma ban san yaron da ya ƙi su ba.

Na Afirka ta Kudu yana da nasa sharuɗɗan. Jiragen da ake kaiwa can yawanci tsofaffi ne kuma ƙanana, tekun wajen Durban kan yi fushi, kuma sauka a tsibiran Mozambik da ƙananan kwale-kwale ake yi, idan iska ta tashi a fasa. Ku tambaya ko ana barin ɗan shekarun naku ya hau su. Kada kuma a manta katin rigakafin shawara. A yankin Gulf da Bahar Maliya kuwa, tun ƙarshen 2023 yanayin tsaro ya sha sa kamfanoni sauya hanya ko soke tafiya, don haka tikitin jirgin sama ya zama wanda ake iya canzawa.

Carnival

Abu ɗaya ya sa shi cikin jerin nan, kuma babba ne: ɗakin wasansu na kyauta, Camp Ocean, daga shekara biyu yake karɓa, ba sai yaro ya bar famfas ba. Ku kawo famfas da abin gogewa, ma'aikata su canza masa. Ga iyayen ɗan shekara biyu da rabi, wannan sa'o'i ne na hutu kullum ba tare da ƙarin ko sisi ba. Da dare akwai raino na biya daga wata 6.

Farashinsa na daga cikin mafi sauƙi, kuma ba a cire tukwici ga ɗan ƙasa da shekara biyu, amma kujerarsa ana biya kamar ta kowane mutum na uku a ɗaki. Raunin a ruwa yake: mai famfas ba ya shiga. Ɗan wata goma sha biyar kuma ba shi da ɗakin raino na yini irin na Disney. Ɗakuna na da ɗan faɗi, wasu jiragen tun daga Vista na 2016 suna da sashen iyali mai suna Family Harbor, wasu ɗakunan ma da ƙaramin baho.

Gajerun tafiyoyinsu na kwana uku ko huɗu a ƙarshen mako sun yi suna da kiɗa da shaye-shaye. Mai iyali ya nemi ta kwana shida ko bakwai. Kusan duk harkarsu a Amurka take, don haka ya fi dacewa da wanda ke zaune can. Wanda ke Houston, misali, tashar Galveston tafiyar awa ɗaya ce a mota, ya loda famfas da madara a but, babu mai auna masa kilo.

| Ma'auni | Disney | Royal Caribbean | MSC | Carnival |
|---|---|---|---|---|
| Farashi | Mafi tsada | Tsaka-tsaki zuwa tsada | Mai sauƙi | Mai sauƙi |
| Barin ɗan ƙasa da 3 | Wata 6 zuwa shekara 3, da biya | Wata 6 zuwa 36, da biya, ba duk jirage ba | Sa'o'i ƙayyadaddu | Kyauta daga shekara 2 |
| Ruwa ga mai famfas | Akwai | A wasu jirage | A tambaya | Babu |
| Baho a ɗakin talaka | Yawanci akwai | Babu | Yawanci babu | A wasu ɗakuna |
| Tukwicin ɗan ƙasa da 2 | Ana biya | Ana biya | Ba a biya | Ba a biya |
| Gidan caca | Babu | Akwai | Akwai | Akwai |
| Tashi ba ta Amurka ba | Turai lokacin zafi | Turai, Singafo | Turai, Gulf, Afirka ta Kudu | Kaɗan |

Haɗarin da bai bar kowa ba

Cutar amai da gudawa ta norovirus ta fi guguwa yawan ɓata hutu. Yaron da ke taɓa komai ya kai baki shi ne na farko, kuma man goge hannu ba ya kashe ta sosai, sai ruwa da sabulu. Yaro mai zazzaɓi ko gudawa ba a karɓarsa a ɗakin raino. Asibitin jirgi kuɗi ne masu yawa, kuma ba asibitin yara ba ne. Idan abu ya yi tsanani sauke ku za a yi a tasha mafi kusa. Inshorar tafiya mai ɗauke da kuɗin kwashe mara lafiya dole ce. Ku tafi da maganin zazzaɓi na yara da gishirin ORS.

Baranda na ba iyaye tsoro, da dalili. Dokar Amurka ta 2010 ta ce shingen jirgi kada ya gaza inci 42, wajen santimita 107, wanda ya fi ƙarfin mai tatata. Kujerar da ke barandar ce abin tsoro, domin zai ja ta ya hau. Ɗaki mai taga da ba ta buɗewa, a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa, ya fi arha, ya fi kwanciyar hankali, girgiza ma ta fi sauƙi a wurin. Idan kuma Maman yaro na da juna biyu, kamfanonin nan ba sa ɗaukar mai cikin da zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiya.

Batun halal a yi shi a rubuce makonni kafin tashi. Naman alade ya cika teburin karin kumallo, musamman a jiragen Amurka, amma kifi da ƙwai da shinkafa da ganye ba sa ƙarewa. Wanda wannan ya fi damunsa ya duba jirgin AROYA na Saudiyya, da ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024: babu giya, babu caca, abinci halal, ga wurin salla. Jirgi ɗaya ne kuma sabon shiga a harkar, don haka a tambayi tsarin rainonsu dalla-dalla kafin a biya.

Wanne ya dace da wa

Yaro tsakanin wata shida da shekara biyu, kuɗi ba matsala ba ne, kuna da damar shiga Amurka ko Turai: Disney. Baho da filin ruwa da ɗakin raino duk a wuri guda, ba sai kun yi bincike jirgi bayan jirgi ba.

Mai tatata ɗaya da yayye manya: sabon jirgin Royal Caribbean, da ɗaki kusa da lif na tsakiya, kuma a kama gurbin raino a ranar farko kafin a ci abincin rana.

Ɗan shekara biyu zuwa uku da bai bar famfas ba, kuna zaune a Amurka, aljihu da nauyi kaɗan: Carnival na kwana bakwai, tare da sanin cewa ruwa sai an sauka bakin teku.

Mazauna Ingila su leƙa kamfanin P&O daga Southampton, wanda jiragensa na iyali ke da ɗakin kwantar da ƙananan yara da dare kyauta, ga shi babu hawan jirgin sama.

Masu tasowa daga gida da koren fasfo, yaro bai kai biyu ba: MSC, a Bahar Rum idan Shengen ta samu, ko Durban idan ta Afirka ta Kudu ce ta fito. Kuɗin da aka rage na kujerar yaro a ƙara a ɗauki Hajiya kaka ko ƙanwar Maman yaro a ɗakin da ke kusa, ita ce za ta cike giɓin rainon.

Idan kuma yaron yana da shekara biyu da wata tara, ya fara zama a fo, ku ɗaga tafiyar da wata huɗu ko biyar. Ranar da ya cika uku kuma ya bar famfas, ɗakin wasa kyauta ne a duka huɗun, wurin ninkaya ma ya buɗe masa.